Sai An Ga Jini Tsere Zai Yi Armashi?

Ranar Lahadi a teburin mai shayi a Dawanau, gardama ta kaure: wai tseren motocin NASCAR na Amurka ya zama lami, ba karo, ba wuntsilawa. Haba jama'a! Tun da Dale Earnhardt ya rasu a Daytona a 2001 aka tsaurara matakan kariya, kuma har yau babu direban da ya sake mutuwa a babbar gasar. In akwai abin da ya rage armashi, to raba tseren zango-zango ne da aka fara a 2017, ana cikin zafi a ce a lafa. Mai marmarin karo ya je ya tambayi iyayen samarin da wasan mota ranar ɗaurin aure ya nakasa a titunanmu. Gwaninta muke son gani, ba zaman makoki ba.