Wasiƙa Daga Ingila: Wa Ke Tsaya Wa Tana?

Yau dai da ɓacin rai na ɗauki alƙalami, kuma a kan tana ne, wato tsutsar nan ta cikin ƙasa da muke ɗana wa ƙugiya muna yara. Kada ku yi dariya tukuna.

Ina da ɗan fili da nake haya a wajen ƙaramar hukuma, ina shuka alayyafo da kabeji. Babban abokin gābar mai lambu a ƙasar nan shi ne wata katantanwa marar ƙoƙo, mai yauƙi, wadda dare ɗaya ya ishe ta ta share maka fangali. Maganinta wasu 'yan ƙwayoyi ne shuɗaye, garin alkama da aka cuɗa da guba, a watsa a gona. Manoman alkama ma da shi suke aiki, buhu-buhu. Maƙwabcina a filin yana watsa su kamar mai yafa gero, in na yi magana ya ce ai an rubuta a jikin kwalin ba ya cutarwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da can akwai mai gubar methiocarb, wanda Tarayyar Turai ta soke a 2014. Wannan har tana yake kashewa, da baƙaƙen ƙwarin nan masu yawo a ƙasa da dare, waɗanda su ne ma ke cinye katantanwar da ƙwayayenta. Ka ga an kashe mai gadi don a kama ɓarawo ke nan. Sai aka koma kan metaldehyde, shi ma aka haramta watsa shi a fili a Birtaniya daga Afrilun 2022, saboda tsuntsaye da dabbobi irin su bushiya, ga karnuka da ke ci su mutu. Madalla, ban ƙi ba. Amma wallahi da kare bai shiga maganar ba, ina shakkar za a yi wannan hayaniya, don Bature da karensa sai Allah.

Yanzu abin da ya rage a kasuwa shi ne mai ferric phosphate, wanda ake tallarsa kamar zuma. Alhali tun 2009 Farfesa Clive Edwards da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Ohio suka nuna a ɗakin gwaji cewa shi kansa sinadarin bai cika taɓa tana ba, amma in aka haɗa shi da EDTA, wanda wasu kamfanoni ke sawa don ya yi ƙarfi, to ya zama guba gare ta. Ita kuwa baiwar Allah, duk abin da ta tarar a bakin raminta ja take yi ciki, har ƙwayar. In ta mutu a can ƙasa, wa zai ɗauki hotonta ya kai wa jarida?

Abin takaicin, mutanen nan su ne suka haifi Darwin, wanda littafinsa na ƙarshe, na 1881, kacokan a kan tana ya rubuta shi: yadda take huɗa ƙasa ruwa ya shige, ta ja ruɓaɓɓen ganye ciki ya zama taki, ba a biya ta ko sisi ba.

Ni kam na daina saye. Da magariba nake fita da cocila da bokiti ina tsince su da hannu, maƙwabcina yana kallona yana girgiza kai. Kabejina ya sha huji, nasa sumul. Jiya da na kafa shebur a fangalina, sai da na tsaya na kwashe tana gefe kafin na ci gaba.