Faɗin allo ba shi ne riba ba: gargaɗi ga masu buɗe gidan gem a Illo

A Illo da sauran garuruwan Bagudo, inda kayan Kwatano ke biyo hanyar Parakou, Kandi da Segbana, matashin da ya tara jarin buɗe gidan gem yakan faɗa tarko guda: ya auna darajar allon kwamfuta da faɗinsa. Dillali ya nuna masa allo mai tsarin 21:9, ya ce ya fi na kowa, kuma ga araha. Wannan shawara ce mai cinye jari.

Na farko, PlayStation 4 da PlayStation 5, waɗanda a kansu ake buga ƙwallon EA Sports FC da eFootball, ba sa fitar da hoton 21:9. Tsarinsu 16:9 ne. Idan aka jona su da allo mai faɗin nan, ko dai baƙin fili ya bayyana dama da hagu, ko a miƙe hoton har ƙwallo ta koma kamar ƙwai. An biya kuɗin gilashin da ba zai taɓa aiki ba. Haka batun sauri: PlayStation 4 ba ta wuce hoto 60 a daƙiƙa, don haka lambar 144 da ke jikin kwali ado ce kawai.

Ga mai kwamfuta ma, lissafin bai sauya ba. Allon 1920 da 1080 yana da ɗigon hoto kusan miliyan 2.1, na 3440 da 1440 yana da kusan miliyan 5. Injin hoton da ke tafiya lafiya da na farko zai riƙa sassarfa da na biyu, ya ƙara zafi, ya ƙara shan wuta.

A nan ne masu kwafo shawarar YouTube suke kuskure. Mai sharhi a Amurka bai san ɗaukewar wutar Kaduna Electric ba, bai san zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba, bai sayi fetur na janareta ba tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. A bakin iyaka, farashin allo na gaskiya shi ne abin da zai ci kowane dare.

Za a ce faɗi yana jawo ’yan wasa. Yana jawo su rana ɗaya. Abin da ke dawo da su shi ne hoton da ba ya makara da wutar da ba ta yankewa ana tsakiyar wasa.

Zaɓin hankali a fili yake: inci 24 ko 27, tsarin 16:9, mashigar HDMI, da ƙarancin shan wutar da batirin sola zai iya ɗauka. Idan na hannu ne, a kunna shi a gaban mai sayarwa, a cika shi da fari, sannan da baƙi, a duba matattun ɗigo, domin kayan da suka tsallako iyaka ba su da takardar garanti. Ragowar kuɗin a sa a batiri. Ba girin-girin ba, ta yi mai.