Injin da ke tashi yau ya ƙi gobe: a koya wa manomi neman cutarsa

Tun shekarar 1984, lokacin da shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga jama'a su rungumi noman rani saboda farin da ya auka wa ƙasa, aikin lambu ya ƙara ƙarfi a fadamun Korama. A wancan zamani da guga ake ban ruwa. Yau kuwa, daga Bande zuwa Waca a gundumar Magarya, har Guci da Dogo-Dogo a gundumar Dungas, ƙarar motopampi ce ke tashin mutum da asuba, kuma a kanta rake da albasa da tattasai suka dogara.

Injin da ya mutu ɗungurungum, abinsa mai sauƙi ne, sai a kai shi gyara. Wanda ke cin dukiyar manomi shi ne mai tashi yau ya ƙi gobe, ko ya yi aikin rabin awa ya ɗauke. Masu jiragen ruwa na tafkin Cadi da na kogin Kwara sun san wannan cuta, domin injinsu ma da fetur da tartsatsin wuta yake aiki. Mai lambu ya ɗora injin a amalanke zuwa gari, a gaban makaniki ya tashi da ja ɗaya. A sauya buji, a wanke karbireta, a biya kuɗi, a koma lambu, cutar ta dawo. Kwana uku babu ruwa cikin zafin Maris sun isa su kwantar da shuka.

Ra'ayinmu shi ne, irin wannan cuta ba a kama ta sai a lokacin da ta taso, kuma a lokacin nan babu kowa a wurin sai manomin. Saboda haka shi ya kamata a koya wa bincike.

Da farko ya saurari yadda injin ke mutuwa. In ya yi ta tari, murya na hawa tana sauka kafin ya tsaya, galibi mai ne bai isa ba: ko datti da ruwa sun shigo cikin fetur na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa, ko ƴar ƙofar iska ta murfin tanki ta toshe. In kuwa ya ɗauke farat ɗaya, to, a nemi wuta. Nan take, tun injin na da zafi, a kwance buji, a mai da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa ga jikin injin nesa da fetur, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ne. In babu shi, alhali bayan injin ya huce sai ya dawo, to, zargi ya faɗa kan bobin, domin bobin da ya gaji da sanyi yake aiki, da zafi ya yanke. Bakin buji kuma yana da awo: a injin Honda GX160, milimita 0,7 zuwa 0,8 ne.

Akwai wata ɓoyayyar sila da ta fi dacewa da fadamunmu. Da yawa daga cikin waɗannan injuna suna da na'ura mai kashe wuta da kanta in man inji ya yi ƙasa. To, a bakin rijiya ko gefen tafki ake girka motopampi, bisa rairayi mai gangara. Injin na rawa yana nutsewa ta gefe guda, man ya koma can, na'urar ta kashe shi. An ɗaga shi an gyara masa zama, ya tashi, sai a ce ikon Allah. Maganin bai wuce cika mai da shimfiɗa katako ba. Amma wasu masu gyara sukan cire wayar na'urar don a huta, wanda kuwa daidai yake da kashe karen gida don ya daina haushi. Siririyar wayar makunni ma, in fatarta ta goge tana taɓa ƙarfe, haka take yi.

Duk wannan bayani bai cika shafi biyu ba. Abin takaici, littafin da ke zuwa cikin kwalin injin da Turanci ko Faransanci ko Sinanci yake, manomin da ya yi yaƙi da jahilci kuwa Hausa ya iya karantawa. Mu masu aikin fassara muna da namu laifi, domin mun fi ba jawabai ƙarfi bisa irin waɗannan takardu.

Muna kira ga ma'aikatan gona da hukumar yaƙi da jahilci na jahar Damagaram da su haɗa kai su fitar da wannan takarda da Hausa, da boko da ajami, tare da zane. A karanta ta a azuzuwan manya kafin Nuwamba, lokacin da ake buɗe lambuna. Duk ƙungiyar da za ta raba motopampi kuma, ta haɗa kowane ɗaya da mabuɗin buji da buji na ajiya, sannan ta kai malamin gyara bakin rijiya ya yini tare da manoma.