Sikeli Da Ƙa'idar Da Yake Bi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wani ɗan kasuwa ya tambaye mu bayan sallar Juma'a, ya ce yaya zai tabbatar sikelinsa ba ya tauye haƙƙin mutane, alhali shi bai taɓa nufin zamba ba? Tambayar tana da nauyi, domin kuwa Allah Ya saukar da sura guda, watau Suratul Muɗaffifina, a kan masu tauye awo. To, mun ga amsar ba za ta cika ba sai an san ƙa'idar da sikeli yake aiki da ita.

Sikeli mai faranti biyu sanda ce da aka rataya a kan madogara a tsakiyarta. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, wannan jan kuwa shi ne muke kira nauyi. Ƙarfin da kowane gefe yake da shi na karkatar da sandar ya dogara ga abu biyu: nauyin da aka ɗora, da nisansa daga madogara. Idan aka ninka nauyin da nisan a kowane gefe, lissafin biyu ya zo daidai, sai sanda ta tsaya cik. Arshimidas, masanin Girka da ya zauna a tsibirin Sikiliya, ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi bayanin wannan ƙa'ida da hujjojin lissafi.

Ga misali. A ce hannu ɗaya na sandar tsawonsa santimita 20, ɗayan kuwa 21, bambancin da ido ba zai lura da shi ba. Idan aka sa dutsen awo na kilo ɗaya a gajeren hannu, kaya a dogon, giram 952 kaɗai sun isa su daidaita sandar. Mai saye ya rasa giram 48 ke nan, kuma wanda ya sayar da kilo ɗari a yini ya ci kusan kilo biyar na mutane. Idan kuwa aka juya, dutse ya koma dogon hannu, sai an zuba giram 1,050 kafin sanda ta daidaita. Ashe da sikeli ɗaya mutum zai iya karɓar ƙari in yana saye, ya ba da ragi in yana sayarwa, wanda shi ne ainihin halin da surar ta zarga.

Gwajin kuwa ba shi da wuya. Ka auna kaya har sanda ta daidaita, sa'an nan ka musanya, dutse ya koma farantin kaya, kaya su koma farantin dutse. In sanda ta sake tsayawa daidai, hannuwan tsawonsu ɗaya ne. In ta karkata, to, ka daina awo da shi sai an gyara. Dutsen awo shi ma yakan zaizaye ko ya ɓantare, don haka a riƙa gwada shi da wani sabo. Sikeli mai agogo kuwa da sifirin yake aiki, wanda miƙewarsa take ƙaruwa gwargwadon nauyin da aka ɗora, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678. Sifirin yakan saki idan ana yawan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, saboda haka a duba allurar tana kan sifiri kafin awo, a kuma jarraba shi da nauyin da aka sani.

Magabatanmu ba su raina wannan ilmi ba. Abdurrahman Al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marwa, a ƙasar Turkumenistan ta yau, ya wallafa littafin Mizanul Hikima wajen shekara ta 515 bayan Hijira, watau 1121. A ciki ya siffanta ma'auni mai faranti biyar da ake gane tsantsar zinariya da shi daga wadda aka gauraya. Asirin kuwa shi ne, kowane abu da aka tsoma a ruwa yakan rasa nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Zinariya ta fi ruwa nauyi ninki 19.3, azurfa ninki 10.5, jan ƙarfe kusan ninki 9. Saboda haka giram 193 na tsantsar zinariya, in an rataye ta da zare an auna cikin ruwa, giram 10 za ta rasa, alhali azurfa mai wannan nauyi ta rasa kamar 18, jan ƙarfe kuwa fiye da 21. Sai dai gwajin ba ya inganta ga awarwaro mai rami a ciki ko zobe mai duwatsu, kuma ƙarfen tangistin nauyinsa ya yi kusa da na zinariya ƙwarai, har yakan ɓoyu a wannan awo.

Wannan ya shafi zakka kai tsaye. Nisabin zinariya miskali 20 ne, wanda malamai da yawa na wannan zamani suka lissafa giram 85 na tsantsa. Zinariya mai karat 21 kuwa kashi 21 cikin 24 ne kaɗai zinariya, saura wasu ƙarafa ne, don haka sai an tara kamar giram 97 kafin a sami giram 85 na tsantsa a ciki. Mai ajiyar zinariya da mai fataucinta suna bukatar sanin wannan.

A kasuwannin Musulmi na dā, muhutasibi ne yake zagayawa yana duba mudu da ma'auni. Ma'aikatan gwamnati da aka ɗora wa duba awo a yau wannan amana suka gada, kuma hatimin da suka buga a kan sikeli shaida ce da za a tambaye su a kanta. Amma ɗan'uwa ɗan kasuwa, kada ka jira mai duba ya zo. Gobe da safe, kafin ka sallami mai saye na farko, ka musanya dutse da kaya ka gani da idonka.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya nauyaya mizaninmu ranar sakamako. Wassalamu alaikum.