Ina Malaman Gonar Bugaje?

Damina ta ƙarato, sharar gona ta kankama, tambayarmu kuma tana nan ba amsa. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malaman gona 722, ta raba masu babura, aka ce kowace mazaɓa cikin 361 na jihar Katsina za ta samu biyu. Abin yabo ne, ba mu musa ba. To Bugaje ma mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jibiya, ke nan tana da nata biyun. Muna son hukumar bunƙasa noma ta jiha, KTARDA, ta gaya wa manomin Bugaje sunayensu, da ranar da zai same su, da inda zai same su.

Wanda ya san ƙauyukan bakin iyaka ya san wa ke koyar da noma a yau: mai sayar da maganin feshi. Manomi zai tsinko ganyen dawar da tsutsa ta huda, ya sa a aljihu ya kai kasuwar Jibiya. Mai shago ya duba, ya miƙo masa kwalbar da ya fi son ta fita. Rubutun jikinta Turanci ne ko Faransanci, ma'aunin kuwa marfin kwalba. Ɗan manomin ne zai goya tankin feshi da tsakar rana, babu safar hannu, babu abin rufe hanci. In magani ya ci, Alhamdulillahi. In ya ƙone shuka, sai a ce ƙaddara.

Ilimin da zai hana wannan asara yana nan, ba a Turai yake ba. Yana Samaru ta Zariya, inda aka shafe shekaru ana fitar da irin dawa da wake da gyaɗa masu saurin nuna. An daɗe da sanin cewa ƙuduji, a tuge shi kafin ya yi fure, a kuma riƙa sauya gero da wake ko gyaɗa. An san buhu mai ninki uku yana adana wake ba sai an jefa masa ƙwayar guba ba. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara tun kafin ruwan farko. Wa zai ɗauko duk wannan ya kai gindin bishiyar da manoma ke zama bayan La'asar, ya faɗa da Hausa, ya durƙusa ya nuna da hannunsa? Aikin malamin gona ke nan, kuma kafin shuka ake yin sa.

Za a ce mana rashin tsaro ne ya hana su shiga, kuma mun san Jibiya ta ga tashin hankali. Amma tun sulhun 2025 jama'a ke komawa gonakinsu, mai maganin feshi yana zuwa, ɗan siyasa ma bai taɓa ɓata hanya ba in zaɓe ya zo.

Mun ga irin wannan a baya, shi ya sa hankalinmu bai kwanta ba. Shirin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa tun 1975 ya sa malaman gona kan babura suna bin ƙauyuka. Da kuɗin bankin suka ƙare, sai babura suka kwanta, malamai suka koma zaman ofis. Yau da aka cire tallafin man fetur, babur ɗin da ba a ware masa kuɗin mai ba, jingine shi za a yi a zaure. Ga madatsar ruwan Jibiya, shekara talatin da ɗoriya, har yanzu noman ranin bai kai abin da aka yi alkawari ba. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, mutanen nan suka sha wuyar duka biyun. Tsallaken iyakar kuwa, a jihar Maraɗi, manoma sun dawo da miliyoyin bishiyoyi gonakinsu ta hanyar barin tohon gawo da kalgo, saboda an samu masu shiga gona su nuna.

Muna maimaitawa: a bayyana sunayen malaman Bugaje ga dagaci da masu unguwanni, a sanar da ranakun zuwansu a masallacin Juma'a da rediyo, a ba su kuɗin mai duk wata. Mai girma Gwamna, a yi wannan kafin ruwan shuka ya sauka.