ZAMAN TARE: Addu'a a Wajen Maƙwabtanmu 'Yan Katolika

A watan nan wata tambaya ce ta kawo mu, wadda wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Kumasi ta yi mana. Ta ce shekara goma ke nan rumfarta na jikin ta wata mata 'yar Roman, kamar yadda ake kiran 'yan Katolika a nan ƙasar, kuma kullum in kasuwa ta lafa sai ta ga matar ta ciro wani abu kamar carbi tana ja, bakinta na motsi. Ta ce ita dai kunya ta hana ta tambaya. Shin me matar take faɗa, kuma me take nema?

Mun ga tambayar ta cancanci amsa, domin mu mutanen zango ba mu da yawa a ƙasar nan. 'Ya'yanmu da dama suna karatu a makarantun mishan, matanmu suna haihuwa a asibitocinsu, gidan haya ɗaya muke zaune da su. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai san abin da maƙwabcinsa yake yi ba, duk abin da aka faɗa masa a kansa sai ya yarda.

Abin da matar take ja sunansa rosari. Yana da jeri biyar, kowane jeri ƙwaya goma, ban da 'yan ƙwayoyin da ke raba su da waɗanda ke kusa da gicciye. A kan kowace ƙwaya ana maimaita wata gajeruwar addu'a, amma abin da ake so shi ne yayin da baki ke maimaitawa, zuciya ta tsaya a kan wani abu guda daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa Maryamu. A da waɗannan abubuwan tunani 15 ne, sai a shekarar 2002 Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara biyar, suka zama 20. Watan Oktoba ne suka keɓe musamman domin wannan addu'a.

Ban da rosari, akwai addu'ar da ake kira Anjelus, wadda ake yi sau uku a rana: ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 12 na rana da ƙarfe 6 na yamma, domin tunawa da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu. Ita ce dalilin ƙararrawar da ake ji daga wasu coci-coci a waɗannan lokuta. Su kuma fada-fada da sistoci suna da addu'o'in da aka rarraba bisa sa'o'in yini, inda suke bin Zabura cikin mako huɗu, su sake komowa farko. Babbar ibadarsu duka ita ce Misa, wadda halartarta ranar Lahadi wajibi ce a kan kowane ɗan Katolika. Can da da harshen Latin ake yin ta, sai bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka ba da dama kowa ya yi da harshensa. Shi ya sa yau ake jin ta da Tuwi a Kumasi, da Hausa kuma a Maraɗi ko Sakkwato.

To, amma mene ne amfanin wannan duka a ganinsu? Littafin koyarwarsu na Katekizim, wanda ya fito a 1992, kashi huɗu ne, kuma kashi na ƙarshe gaba ɗaya a kan addu'a yake. A can an nuna cewa roƙon biyan bukata reshe ɗaya ne kawai. Akwai sujada, akwai yabo, akwai godiya, akwai roƙo domin wasu, har da maƙiyi. Akwai ma addu'ar da ba a buɗe baki, mutum ya zauna shiru gaban Mahaliccinsa. A taƙaice, su a wajensu addu'a zumunci ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kowa kuwa ya sani, ɗan'uwan da ba ya taka gidanka sai ran da yake neman rance, ba zumunci yake yi ba.

Wani babban malaminsu ɗan Afirka, Agustin, wanda ya yi bishop a garin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya bayyana cewa ba don a sanar da Allah abin da bai sani ba ake addu'a. Ana yi ne domin zuciyar mai roƙon ta buɗe, ta iya ɗaukar abin da za a ba ta. Shi kansa labarinsa darasi ne. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka tana roƙo a shiryar mata da shi. Da ya shirya tafiya Rum, ta roƙi Allah ya hana tafiyar, amma ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa da dare. A ganinta addu'arta ta faɗi. Ashe a can ƙasar Italiya ne zai gamu da Bishop Ambrose na Milan, ya tuba, a yi masa baftisma a shekarar 387. An hana ta ƙaramin abin da ta roƙa, an ba ta babban.

Kada wani ya ce wannan zancen mutanen da ne. A watan Satumba na 2018 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga ƙauyen Bomoanga a kudu maso yammacin Nijar. Ya yi shekara biyu a hannunsu cikin hamada, an sha ɗaure shi da sarƙa, babu coci, babu littafi, babu halin yin Misa. Sai a watan Oktoba na 2020 aka sake shi a ƙasar Mali. Da ya fito ya ba da labarin cewa da tsumma ya ƙulla wa kansa rosari, kuma ya yi ta kuka yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Addu'ar ba ta tsinke sarƙar ran da ya so ba. Amma mutumin ya fito da hankalinsa, ya kuma ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Wannan shi ne amfanin da suke nufi: addu'a takan gyara mai yin ta tun kafin ta gyara halin da yake ciki.

A nan ne muka ga akwai abin lura gare mu duka. A zamanin nan addu'a ta zama haja. Ko'ina ka juya, a rediyo da bangon titi, ga masu cewa kawo sidi kaza ka samu biza, kawo kaza kishiya ta fita, kuma wannan ciwo bai bar kowane ɓangare ba. Mun san gidajen da jarinsu ya ƙare a haka. A dokar cocin Katolika, mutum na iya ba da ɗan abin hannu a yi Misa da niyyarsa, amma dokar ta hana duk abin da zai yi kama da ciniki, ta kuma kwaɗaitar da fada ya yi wa matalauci ko bai kawo ko kwabo ba. Ba mu ce kowa na bin dokar ba, domin ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Amma ƙa'idar tana nan: ba a sayen Allah, ba a kuma ba shi wa'adi.

Ba za mu ɓoye ba, akwai bambanci mai zurfi tsakanin aƙidarsu da ta yawancin masu karanta wannan shafi. Su sun gaskata Yesu Ɗan Allah ne, kuma ta wurinsa suke miƙa addu'arsu. Suna roƙon Maryamu da tsarkaka su yi musu addu'a, ko da yake sun ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. Musulmi bai yarda da wannan ba, kuma ba mu ce ya yarda ba. Sanin abin da mutum ya gaskata daban, bin sa daban.

Manyanmu sun riga sun nuna hanya. Tun a 1965 wancan taro na Batikan ya rubuta cewa cocin na ganin Musulmi da daraja, ya kuma ambaci sallarsu da sadakarsu da azuminsu. A nan gida kuwa, ranar Ista ta 2019, Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Christ the King a Akra lokacin bikin cikarsa shekara 100, ya zauna, aka karɓe shi da girma. Bai bar addininsa a bakin ƙofa ba, su ma ba su bar nasu ba.

Don haka, ga amsarmu ga 'yar'uwarmu mai atamfa. Matar nan ba tsafi take yi ba, ba kuma cinikinki take janyewa ba. Tana ganawa da Ubangijinta ne ta hanyar da aka koya mata, kuma ba mamaki kina cikin waɗanda take roƙa wa lafiya. In kin ga ta ɗauki rosari, ki duba mata rumfa har ta gama, kamar yadda kika ce ita ma takan duba miki taki in kin tafi sallar Azahar. In kuma abin ya ci gaba da cin ranki, ki tambaye ta, za ta ji daɗi.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.