Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Jami'ar Tarayya ta Dutse

Ranka ya daɗe shugaban jami'a, tare da shehunan malamai na majalisarka.

Ina rubuto muku ne a kan samari da 'yan matan Birnin Kudu da Gwaram da suka gama bautar ƙasa suka dawo gida da digirin tarihi, ko Larabci, ko Hausa, ko aikin gona, suka zauna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauki malamai. Roƙona shi ne ku buɗe musu diflomar bayan digiri, ta shekara guda, a kan gina shafukan intanet, wadda ba za a tambayi mai nema ko ya taɓa karanta kimiyyar kwamfuta ba.

Na san wasu malamai za su ce wanda bai sha lissafi ba ba zai iya ba. To, Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar CERN a 1989, fiziks ya karanta a Oxford. Na yarda fiziks ma gidan lissafi ne, amma jami'o'in Ingila sun daɗe suna karɓar masu digirin shari'a da adabi su sauya musu fanni cikin shekara guda. HTML da CSS da JavaScript da sarrafa rumbun bayanai sun fi bukatar haƙuri da tsararren tunani a kan zurfin lissafi.

Kuma waɗannan ɗalibai ba da hannu biyu za su zo ba. Wadda ta yi aikin jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta san hanyar da katin marar lafiya ke bi daga tebur zuwa ɗakin magani, ta san inda layi ke tsayawa. Ɗan dillalin da ya tashi a kasuwar Sara ya san yadda farashin riɗi ke juyawa tsakanin hantsi da la'asar, da irin wayar da manomi ke riƙewa, wadda shafi mai nauyin hotuna ba ya buɗuwa a kanta. Mai digirin Hausa ba zai bar ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma akwatuna a kan allo ba. Zane-zanen mutanen da na Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu kuwa, ai ɗan tarihi ne ya fi cancanta ya ɗauki hotunansu, ya rubuta bayaninsu, ya kai su gaban duniya. Koya wa irin waɗannan rubuta manhaja ya fi sauƙi a kan koya wa injiniya sanin kasuwa ko asibiti.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar fasahar sadarwa a Kazaure da kamfanin intanet na Galaxy a Dutse. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani, kuma yana da amfani, sai dai horon 'yan watanni ne. Ma'aikacin da ke neman ƙarin girma, ko mai son wucewa digiri na biyu, takardar jami'a yake bukata.

Idan kun amince, ku dubi halin masu zuwa. Bayan masu jiran aiki, da yawa malaman makaranta ne masu iyali, don haka darasi ya zama na Asabar da Lahadi. Ɗan Basirka ko Fagam ba zai iya kuɗin motar Dutse kowane mako ba. Ku nemi ɗaki ɗaya a Birnin Kudu, ku sa masa sola da intanet da kwamfutocin aro, malamai su riƙa zuwa. Matan aure ma sai sun fi samun iznin fita idan abin na kusa ne. Kuɗin makaranta a bari a biya kashi-kashi.

Batun jarrabawa kuma, don Allah kada a ce a rubuto kundi mai babi biyar. Kowane ɗalibi ya nemi makaranta, ko ƙungiyar manoma, ko shagon magani a garinsu, ya gina musu shafi, a buɗe shi a ƙaramar waya gaban masu jarrabawa, a tambayi masu wurin ko suna amfani da shi. A kan amsarsu za a ba shi maki.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Gwaram